Shaidar sifili

Laraba, Samaru.

Tun bayan sallar Asuba na zauna da niyyar rufe aikin manhajar Alhaji, wadda ke kwashe bidiyon bukukuwa daga kwamfutar situdiyonsa da ke Sabon Gari zuwa faifan ajiya. Hunturu ya sauka sosai, sau biyu ina goge ƙura daga kan madannai kafin hantsi. A ganina abin da ya rage kawai shi ne in rubuta cewa gwajin manyan fayiloli ya yi nasara, domin tun ranar Litinin na yi shi, na kuma ce wa Alhaji ya ci gaba da aiki hankali kwance.

Ba ni da bidiyo mai gigabait 6 a hannu a ranar, kuma tsadar data ba za ta bar ni in sauko da shi ba, saboda haka na yi abin da masu wannan sana'a suka saba. A Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, umarnin truncate yana ƙirƙirar fayil na kowane girma cikin ƙiftawar ido, amma holoƙo ne: sunansa gigabait 6, bai ci kusan komai a faifai ba, duk inda aka karanta kuwa sifili ake samu. Na kwafe shi da manhajar, girman ya zo daidai, lissafin SHA-256, wato lambar tantancewa da ake fitarwa daga abin da ke cikin fayil, na asali da na kwafi suka zama ɗaya. Na ji daɗi, har na yi wa kaina kirari a zuci.

Da azahar auta ya dawo daga lacca, ya ja kujera kusa da ni da kwanon ɗanwakensa, ya tambayi abin da nake yi. Na yi masa bayani dalla-dalla, da ɗan taƙama irin ta babban wa. Ya daɗe yana kallon allo, sannan ya ce, "Yaya, to idan duk cikinsa sifili ne, ta yaya za ka gane in ta ɗebo daga inda bai kamata ba?"

Na ce masa lissafin ya zo ɗaya, kuma lissafi ba ya ƙarya. Ya ce, cikin ladabi, shi dai a fahimtarsa idan aka cika buhu goma da gero iri ɗaya, aka aiki yaro ya ɗebo daga na tara ya ɗebo daga na farko, babu mai kama shi. Na ce ya ci abincinsa. Ya ci, ya tashi, ya bar ni da maganar tana cina.

Bayan la'asar na sake gwajin. Wannan karon na rubuta alamomi a cikin holoƙon: kalmar "farko" a bait na farko, wata alama a kowane gefe na iyakar gigabait 2, sannan "bayan huɗu" da zarar an ƙetare gigabait 4. Waɗannan iyakoki ba zaɓina ba ne. Lamba mai bit 32, wato gurbi 32 da kowanensu ke ɗaukar sifili ko ɗaya, ba ta wuce 4,294,967,295, idan kuma an ware bit ɗaya don nuna ragi, a 2,147,483,647 take tsayawa. Matsalar tsohuwa ce, tun 1996 kamfanonin Unix, tsarin da Linux ya kwaikwaya, suka cimma matsaya a kan yadda za a koma bit 64 wajen auna wuri a cikin fayil. Na san duk wannan, har na taɓa koyar da shi.

Da na buɗe kwafin, iyakar gigabait 2 lafiya lau. A inda ya kamata in ga "bayan huɗu" kuwa, "farko" na tarar tana kallona.

Laifin nawa ne, kuma layi ɗaya ne tak. Manhajar tana yanka fayil gunduwa-gunduwa, megabait 4 kowace, tana ninka lambar gunduwa da girmanta don ta san inda za ta karanta, ni kuma na ajiye sakamakon a bit 32. A gunduwa ta 1,024 lissafin ya kai 4,294,967,296, ya tumbatsa, ya koma sifili, sai manhajar ta koma farkon fayil tana ɗebowa, tana jerawa a ƙarshen kwafi kamar ba abin da ya faru. Gyaran bai ci minti biyar ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne shirun da ta yi. Watannin baya Alhaji ya yi ta mita cewa filashinsa mai gigabait 32 ta ƙi karɓar bidiyo mai gigabait 5, na bayyana masa cewa tsarin ajiyar da ke kanta, FAT32, ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya kai gigabait 4 cif, muka mayar da ita sabon tsarin exFAT. A lokacin na raina tsohon tsarin. Yau na ga ya fi manhajata mutunci, domin shi ya fito fili ya ce ba zai iya ba, ita kuwa ta karɓi amana, ta lalata, ta kuma rubuta "an kammala" da koren rubutu.

An ɗauke wuta gab da magariba. Tuwon dare ma kaɗan na taɓa.

Tun Litinin zuwa yau ban san biki nawa Alhaji ya kwashe ba, kuma na san ɗabi'arsa ta goge na asali da zarar ya ga kwafi, saboda ƙarancin wuri. Duk bidiyon da ya haura gigabait 4, ƙarshensa ne ya tafi, wato daidai lokacin kai amarya. Na kira shi sau uku bayan isha'i, wayar a kashe. Na aika saƙo cewa don Allah kada ya goge komai sai na zo. Auta ya leƙo ya tambaya ko na samu abin, na ce na samu, ban ƙara ba, shi ma bai ja zancen ba. Na roƙe shi aron babur ɗinsa, da sassafe zan nufi Sabon Gari kafin Alhaji ya buɗe shago.