Dunƙulen Dabino da Gyaɗa, Guzurin Mai Hawan Dutse

Duk wanda ya taɓa barin Kaduna da sassafe don hawan Dutsen Kufena a Zariya, ko ya nufi duwatsun Kagoro da ke kudancin jihar, ya san cewa yunwar hawan dutse daban take da ta gida. Ba ta jiran lokacin cin abinci, kuma ƙafa ce ke fara jin ta kafin ciki. Yawancin abokan tafiyata biskit da lemon kwalba suke saye a tasha, amma ƙarfin da waɗannan ke bayarwa ba ya jimawa, sai su bar mutum da ƙishirwa da kasala tun bai kai rabin hanya ba. Wannan ne ya sa na fi son in haɗa guzurina a gida, da kayan da babu wanda ba a samu a Kasuwar Barci ko Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, kuma ba tare da an gasa komai ba.

Ginshiƙin haɗin shi ne dabino da gyaɗa, kuma akwai dalilin da ya sa ba na raba su. Giram 100 na dabino yana ɗauke da kalori wajen 280, kusan dukkansa daga sukarin da jiki ke karɓa nan take, alhali giram 100 na gyaɗa ya haura kalori 560, mafi yawansa daga mai, tare da furotin, waɗanda jiki ke narkarwa sannu a hankali. Dabino ne ke tayar da mutum idan ƙarfinsa ya fara raguwa, gyaɗa kuma ita ke riƙe shi har ya kai inda ya nufa. Masu daka dakuwa sun daɗe da gane amfanin gyaɗa da aya a guzuri, sai dai dakuwa takan rugurguje a cikin jaka, ga shi tana busar da maƙogwaro. Danƙon dabino yana magance matsalolin biyu.

Da gwangwanin madara nake awo: biyu na dabinon da aka cire wa ƙwallo, ɗaya na soyayyiyar gyaɗa da aka murje ɓawonta, rabi na soyayyen riɗi, sai ƙaramin cokali na garin citta da ɗan gishiri. Idan busasshen dabino aka samu, irin wanda ake kawowa daga Nijar, a jiƙa shi a ruwan ɗumi na kamar minti 15, sannan a tsane shi sosai a kan tsumma mai tsabta. Wannan matakin yana buƙatar haƙuri, domin ragowar ruwa ne ke sa haɗin ya yi tsami kafin ranar tafiya. Gyaɗar ma a tsince ta da kyau, a zubar da duk wadda ta yi baƙi, ko ta motse, ko take warin fumfuna, saboda irin wannan gyaɗar kan ɗauki guba mai cutar da hanta, kuma suya ba ta kawar da ita gaba ɗaya.

Gyaɗa ake fara dakawa a turmi, amma sama-sama, don kada ta fitar da mai ta koma tunkuza. Sai a kwashe ta, a daka dabinon shi kaɗai har ya yi danƙo, a mayar da gyaɗar tare da citta da gishiri da rabin riɗin, a ci gaba da kirɓawa har komai ya kama jikinsa. Na fi son turmi a kan bilenda, domin hannu yana jin lokacin da haɗin ya yi, kuma ba a jiran a kawo wuta. Daga nan a mulmula shi ƙanana, kowanne kamar girman goro, a birgima su a cikin sauran riɗin don kada su manne da juna, a bar su su sha iska na awa ɗaya ko a sa su a firji.

Ba na zuba cakulan ko man shanu, domin zafin Maris da Afrilu yana narkar da su tun a cikin mota. Zuma ma na daina sakawa, saboda zaƙin dabino ya wadatar, ita kuwa danƙo take ƙarawa ta kuma jawo tururuwa. Gishirin ne ba na yarda a bari, tunda gumi yana fitar da shi daga jiki ko da a lokacin hunturu ne, sa'ad da iska ke busar da zufa mutum bai ma san yana yi ba.

A kan hanya, ɗaya ko biyu a kowace awa sun isa, tare da ruwa, kuma gara a fara ci tun yunwa ba ta kama ba. Kafin a miƙa wa abokin tafiya, a tambaye shi ko jikinsa yana karɓar gyaɗa, mai ciwon sukari kuma ya nemi shawarar likitansa. Ina zuba nawa a cikin ƙaramar roba mai murfi maimakon leda, don kada su matse a ƙasan jaka, kuma don kada in bar shara a kan dutse.