Yadda na hana bayan motar tserena mai rimot kwashewa

Motar da nake tsere da ita irin ta 1/10 ce, wato kashi ɗaya cikin goma na girman mota ta gaske, kuma tayoyin baya kaɗai ke janta. A filin ƙasa mai gargada da tudun tsalle muke gudu. Ciwon kan da ta daɗe tana ba ni shi ne, da na ba ta wuta ina fita daga kwana, sai bayanta ya kwashe, ta juyo tana kallon inda ta fito.

Kowa ka tambaya cewa zai yi ka sa sifirin mai laushi. Ni da hannuwan taya na fara, wato waɗanda ke haɗa taya da jikin motar. Na cire shokozoba biyun na baya, na ɗora motar a kan katako tayoyinta na lilo, na ɗaga kowane hannu na sake shi. Hannu mai lafiya da nauyinsa yake faɗowa. Na dama ya faɗo, na hagu kuwa ya tsaya cak a rabin hanya. Siririn ƙarfen da yake juyawa a kansa ne ya lanƙwashe, lanƙwasar da ido ba ya gani, sai da na mirgina shi a kan gilashi na ga yana ɗingishi. Na sa sabo, na share ƙurar da ta daskare a ramin. Muddin hannu na cijewa, duk sifirin da ka sa asarar kuɗi ce.

A kan shokozoba na fi ɓata lokaci. A cikinsa akwai man silikon da ɗan fistin mai ƙananan ramuka, kuma ta waɗannan ramuka man ke kurɗawa idan taya ta motsa. Ƙananan ramuka da mai tsinkakke suna sa shokozoba ya ƙage idan bugu ya zo da sauri, abin da ke hana cikin motar dukan ƙasa bayan tsalle. Manyan ramuka da mai mai kauri kuwa suna barin taya ta bi gargada ba tare da ta rabu da ƙasa ba. Filinmu gargadarsa ta fi tsallensa yawa, don haka na bar fistin mai ramukan milimita 1.6 na koma mai 1.7, na ƙara wa man kauri kaɗan. Bambancin kashi ɗaya cikin goma na milimita ne kacal, amma hannunka zai ji shi a rimot. Wajen zuba man ma sai da haƙuri: ka motsa fistin a hankali, ka jira kumfar iska ta gama tasowa kafin ka rufe, sannan ka auna tsawon shokozoban biyu su zo daidai. In ɗaya ya ɗara ɗaya, motar za ta riƙa yin kwanar dama daban da ta hagu.

Sai sandar da ke riƙe da karkatar taya daga sama. Na cusa washa mai kaurin milimita 1 a ƙarƙashin ƙwallon da ke riƙe ta daga ciki. Ɗaga wannan wuri yana sa motar ta ƙara jingina a kwana, nauyi ya sauka a hankali kan tayar waje, ta kama ƙasa da kyau. Wannan washa, da ko a tafin hannu da ƙyar kake ganinta, ta fi duk kayan ƙawar da ake tallatawa yi mini amfani.

Kallon cikin da tayoyin baya ke yi, wato yadda gabansu ke ɗan karkata zuwa tsakiyar motar, na bar shi a digiri 3 kamar yadda ya zo. Tsayin cikin motar daga ƙasa na tsayar da shi wajen milimita 23, kuma ba na aunawa sai da batir a ciki, bayan na saki motar daga ɗan sama ta zauna da kanta.

Abu ɗaya nake sauyawa a kowane gwaji, in rubuta shi tare da lokacin zagaye, domin motar da ta fi daɗin tuƙi wani lokaci agogo na nuna ta fi jinkiri. Saitin nan kuma na filin ƙasa ne, inda taya ke zamewa. A filin tseren da aka shimfiɗa wa kafet, inda taya ke kamawa sosai, jinginar da na ƙara ita ce za ta kifar da motar a kwana, don haka can cire washar nake yi, in rage tsayin ciki, in sa sifirin mai tauri.