Kumburin da na ɗauka yunwa ce

Ina shekara ta biyu a makarantar koyon jinya a Garwa aka tura ni wani asibiti samun horo. Wata safiya aka kawo wani dattijo daga ƙauyen bakin Binuwai, ƙafafu sun kumbura, in ka danna da yatsa sai ramin ya zauna. Takardar labo ta nuna albumin, wani furotin na cikin jini, giram 22 a lita, alhali na mai lafiya tsakanin 35 ne zuwa 50. Ni da ɗokin sabon ilimi, nan take na ce wa ɗansa: "A riƙa ba Baba kifi da ƙwai, yunwa ce."

Shugabar ɗakin ta ja ni gefe. "Ɗana, ka duba CRP ɗinsa?" Na ce a'a, Hajiya. CRP ɗin, wato furotin na jini da yake hawa in cuta ta shiga jiki, ya hau sosai.

Abin da na haddace daidai ne: hanta ce ke ƙera albumin, giram 10 zuwa 15 kullum, daga furotin ɗin abinci, shi kuma yake riƙe ruwa cikin jijiyoyin jini. In ya yi ƙasa, ruwan ya tsiyaye zuwa ƙafa da ciki. Insulin da sinadarin tayirod na maƙoshi suna zaburar da aikin, yunwa tana rage shi. Wanda ban gane ba shi ne hanta tana sauya aiki, kamar uwargida ta sauke tukunyar tuwo ta ɗora ruwan zafi don wani ya ji rauni. Da cuta ta shiga jiki, ƙwayoyin garkuwa sukan aiko da sinadarin IL-6, sai hanta ta rage albumin ta koma zuba CRP da fibirinojin, furotin ɗin daskarar da jini. Ko buhun kifi ka ba mutum, ba za ta koma kan tuwon ba sai wutar ta lafa.

Hajiya ta ƙara mini ɗaya. Albumin yakan yi kusan mako uku kafin rabinsa ya ƙare, don haka labarin watan jiya yake bayarwa. Mai son sanin halin hanta na yau sai ya duba TP, gwajin daskarewar jini, domin ɗaya daga cikin furotin ɗin daskarewar cikin 'yan sa'o'i yake raguwa da rabi. Na dattijon lafiya lau yake, fitsarinsa ma babu furotin, aka wanke hanta da ƙoda.

Tarin fuka ne, gwajin majina ya tabbatar. Da kunya na koma wajen ɗan na gyara maganata. Kifin dai ban janye shi ba, Hajiya ta ce a bar shi.