A bar wa Eagles turinsu

Daren jiya sai gab da asuba na kwanta, ina kallon ƙwallon Amurka a waya har shayina ya huce ban sani ba. Saura yadi ɗaya, Jalen Hurts na ƙungiyar Philadelphia Eagles ya rungume ƙwallo, abokan wasansa suka ingiza shi daga baya ya tsallake layi. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi.

A watan Mayun 2025 ƙungiyar Green Bay Packers ta nemi NFL, hukumar babbar gasar ƙwallon Amurka, ta haramta wannan turin. Ƙungiyoyi 22 suka goyi baya, alhali 24 ake buƙata. Na ji daɗin faɗuwar ƙudurin sosai. Masu neman haramcin sun ce rauni suke tsoro, amma ni a ganina sun kasa tare shi ne kawai.