Mako na huɗu: kalmar da ta hana ni goge keken ɗinki da samfefa

'Yan uwa masu koyo, ga inda na kwana a aikin tsohon keken ɗinkin nan na hannu, da kuma Turancin da nake tsinta a gefensa. Yawancin bayanan gyaran irin waɗannan kekuna da Turanci aka rubuta su, don haka littafina ɗaya ne: shafin dama na aikin keke, na hagu na sababbin kalmomi.

A makon nan kalma ɗaya ce ta cinye shafin hagu, wato restore. Tun farko na rubuta "gyara" a gabanta na wuce, kamar yadda na yi wa repair da mend da fix. Ashe ba haka ba ne. Idan ka yi repair, abin da ya lalace ka sa ya koma aiki, ko da ka saka masa ƙarfen da ba nasa ba. Mend ta fi zama a kan abin da ya yage ko ya karye, kamar riga ko raga. Ita kuwa restore tana duban baya ne: mayar da abu yadda yake a da, da kamanninsa da komai. Dole ka san yadda abin yake tun asali kafin ka ce za ka yi masa hakan.

Na gane bambancin ne da samfefa a hannuna. Baƙin fentin keken ya dushe, zanen ruwan zinaren da ke jikinsa ya goge a inda hannu da yadi suka daɗe suna shafa. Niyyata in kankare duka in fesa sabon fenti. Sai na ci karo da renovate a wani bayani, na duba, na ga tushenta kalmar Latin ce novus, mai nufin sabo. Wato sabuntawa nake shirin yi, alhali mayarwa na zo yi. Na ajiye samfefar. Da auduga da man keke na bi jikin a hankali, domin sinadaran wanki masu ƙarfi suna cinye wannan zanen, kuma in ya tafi ya tafi ke nan. Kwana uku na yi a kai. Baƙin ya fara sheƙi, furannin da na ɗauka sun mutu suka fito, ko da yake ba duka ba.

Waɗanda ba su fito ba na bar su haka. Masu kula da tsofaffin gine-gine suna da wata yarjejeniya da aka yi a birnin Venice na Italiya a 1964, wadda ta ce aikin mayarwa ya tsaya a inda ƙiyasi ya fara. Don gine-ginen tarihi aka rubuta ta, amma ni na ga ta dace da ɗan kekena. Ban san yadda furen da ya ɓace yake ba, ba zan zana masa na ƙarya ba.

Kalmar restore ta shigo Turanci ta tsohon Faransanci, daga Latin restaurare. Abin da ya ba ni mamaki, restaurant ma daga nan ta fito, domin a Faransa ta ƙarni na 18 sunan romon da ake sha don dawo da ƙarfin jiki ne, kafin ya koma sunan wurin da ake sayar da shi. Dangin restore na kusa su ne restoration, sunan aikin. Restorer, mai yin sa. Da restorative, abin da ke dawo da lafiya ko kuzari.

Kuma ba a kan kaya kaɗai take hawa ba. Ana amfani da ita idan an dawo da wutar lantarki, ko zaman lafiya bayan rikici, ko an mayar wa mutum haƙƙinsa. A wannan ma'anar ta ƙarshe sai ka sa kalmar Turanci "to" kafin wanda aka mayar wa, abin da na sha mantawa. A tarihin Ingila, dawowar Sarki Charles na Biyu kan gadon sarauta a 1660 Restoration ake kiranta, da babban harafi, haka ma mayar da mulki hannun Sarki Meiji a Japan a 1868. Masu kwamfuta kuma sun san System Restore a Windows, wanda ke mayar da tsarin na'ura yadda yake a wata rana da ta wuce. Akwai reinstate da revive da refurbish a jerin, amma ban zauna da su sosai ba tukuna, sai mako mai zuwa.

A ɓangaren aiki, wilin da ke juya keken ya saki bayan man da na ɗiɗɗiga masa, allura tana hawa da sauka ba gargada. Zaren ƙasa ne har yanzu yake cukurkuɗewa, ina zargin tsatsar da ke cikin mazaunin ƙoshiya. Gobe zan kwance wurin, in jera kusoshin bisa tsarin da na cire su, in ɗauki hoto a kowane mataki don kada in ruɗe wajen mayarwa.