Gidan gajiyayyun da ya zama asibiti a Leeds

Daga tashar King's Cross ta Landan zuwa Leeds tafiyar awa biyu ce da 'yan mintoci a jirgin ƙasa. Ziyarar 'yar yayata ce ta kai ni, wadda take aikin jinya a garin. Da na sauka ana yayyafi, irin wanda ba ya tsayawa ba ya kuma ƙaruwa, ta karɓi jakata ta ce, "Kawu, tun da kai ba ka wuce tsohon gini sai ka tsaya, yau zan kai ka inda za ka gaji da kallo." Muka hau bas zuwa titin Beckett, gabas da tsakiyar gari, inda asibitin St James's yake. Mutanen Leeds ba sa wahalar da bakinsu, Jimmy's kawai suke ce masa.

A cikin manyan gine-ginen zamani na asibitin akwai wani dogon bene mai hawa uku na jan bulo, an yi wa tagoginsa da kusurwoyinsa ado da dutse, ga hasumiya a tsakiya, ga kawunan bango masu lanƙwasa irin na gidajen Holan. Wallahi na ɗauka fadar wani attajiri ce. Ashe gidan gajiyayyu ne. An aza harsashinsa a 1858, aka buɗe shi a 1861 don ya ɗauki mutum 784, kuma Perkin da Backhouse, masu zanen gini na garin, su suka tsara shi.

Kada kalmar gajiyayyu ta sa mai karatu ya hango wurin hutawa. Dokar matalauta ta 1834 ta tanadi cewa mai ƙarfi a jika da ya rasa abin kai wa baka, in yana son taimakon hukuma, sai ya shiga irin wannan gida, kuma da gangan aka tsananta zaman ciki don kada kowa ya yi sha'awarsa. A irin gidajen nan ana sa maza fasa dutse, ana sa mutane warware tsohuwar igiyar jirgin ruwa mai kwalta har yatsu su yi jini, abinci kuwa burodi ne da tsinkakken kunu. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne rabuwa. Magidanci ya shigo da iyalinsa, daga bakin ƙofa a yi da shi wannan ɓangare, a yi da matarsa wancan, yara kuma nasu wurin daban. Makarantar yaran matalauta ma ta riga gidan, tun 1848 take tsaye a gefensa.

Sai da na ja da baya na tsaya a tsakar filin gaba na gane cewa wannan rabuwa tana nan a jikin ginin. Hasumiya da babbar ƙofa suna tsakiya, ɓangaren masu iko ke nan, sai fikafikai biyu suka miƙe dama da hagu, kowanne kamar an kwafo ɗan'uwansa, taga bayan taga. Mai wucewa zai ce an daidaita su ne don kyau. Ni dai a ganina kyan na mutanen gari ne masu biyan haraji, su ga inda kuɗinsu ya shiga su yi alfahari. Wanda ke ciki abin da ya sani shi ne bangon da ya raba shi da matarsa. Na faɗa wa 'yar tawa haka, ta yi dariya ta ce, "Kawu, ai ɗakin maza da ɗakin mata har gobe muna da su." Gaskiyarta, kuma nan ne na fahimci dalilin da ya sa komawarsa asibiti ba ta yi wuya ba. Dogayen ɗakuna masu jeren gadaje, tagogi masu tsawo don iska da haske, dogon lungu da mutum ɗaya zai tsaya ya ga kowa: abin da mai gadin matalauta yake so, shi ma'aikaciyar jinya take so.

Dama can yawancin masu ƙarewa a gidan tsofaffi ne da marasa lafiya. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1915, aka miƙa wa soja wurin don jinyar waɗanda aka raunata. A 1925 aka raɗa masa suna St James's, a 1948 ya shiga tsarin kiwon lafiya na ƙasa. Sauya suna ba sabon abu ba ne a harkar: tun 1904 aka daina rubuta sunan gidan matalauta a takardar haihuwar jaririn da aka haifa a ciki, sai a sa lambar titi, don kada abin ya bi shi har girma.

Zuwa shekarun 1990 aka ga ginin bai dace da aikin likita na zamani ba, ga shi doka ta kare shi daga rushewa. Sai ya zama gidan tarihin likitanci na Thackray a 1997, sunan iyalin da suka yi fice a Leeds wajen ƙera kayan tiyata. A ciki sun gina lungun talakawan Leeds na zamanin Sarauniya Biktoriya, har da warinsa. Ban daɗe a nan ba, hancina bai ɗauka ba.

Da muka fito, yayyafin yana nan yadda muka bar shi. Cocin gidan, mai dogon tsini, yana gefe. A tsallaken titi kuma maƙabartar Beckett ce, wadda aka buɗe a 1845. Muka tsallaka muka shiga. Akwai jeren duwatsu sun tsaya kafaɗa da kafaɗa kamar sahu, kowanne ɗauke da sunayen mutane da yawa waɗanda ba dangin juna ba, an haɗa su kabari ɗaya saboda kuɗin rubuta suna kawai danginsu suka iya biya. Ina cikin karanta na uku 'yar tawa ta duba agogo ta ce aikin dare take da shi, mu kama hanya.