Ranar da Tafkin Chadi ya shigo ajina

Laraba da dare.

An kawo wuta bayan isha'i, wayata na jikin caji, yara sun yi barci. Bari in rubuta na yau tun gajiya ba ta kwantar da ni ba.

Shekarata 16 ina koyar da labarin ƙasa, kuma duk zangon da muka iso kan Tafkin Chadi abu ɗaya nake yi. In zana ƙaton ƙwai a allo, in rubuta 1963, murabba'in kilomita 25,000. In zana wani ɗan mitsitsi kamar ƙwallon goriba a gefensa, in ce ga abin da ya rage. Yara su kwafa, monita ya goge, a kaɗa ƙararrawa. Hannuna ya haddace zanen nan har ko ido a rufe zan iya yinsa.

Jiya da dare babbar 'yata, wadda ke shirin JAMB, ta tarar da ni ina duba tsohon littafin darasina, wanda bangonsa ya sha ɗinki. Ta leƙa ta ce, "Baba, me zai hana ka nuna musu na gaske?" Na ce wane na gaske, Baga zan kwashe su in kai? Sai ta karɓi wayata ta buɗe Timelapse na Google Earth, inda aka jera hotunan tauraron ɗan'adam tun daga 1984, shekara na bin shekara kamar fim. Muka jira sha biyu ta wuce saboda datar dare ta fi araha, ta naɗe abin da ke gudana a fuskar wayar ya zama bidiyo, don kar in dogara da sabis ɗin makarantarmu da sai an hau tudu. Ta ƙara min da hotunan NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, guda biyu, na 1973 da na 1987.

Gaskiya da sanyin jiki na karɓa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Shekarun baya an taɓa kawo mana kwamfutoci 20 da majigi, aka yi taro, aka yanka kyalle, aka ɗauki hoto, ni aka naɗa mai kula da ɗakin saboda a lokacin ni ne mai rawar kai. Wata huɗu batiran suka yi suka mutu. Na rubuta takardar neman gyara har sau uku, ko amsa ban samu ba. Daga baya aka garƙame ɗakin wai kar a yi sata. Da korona ta rufe makarantu a watan Maris na 2020 na sake yunƙurawa, na buɗe zauren WhatsApp, ina tura darasi da murya. Yara tara ne suka riƙa saurara, su ma da wayar yayyensu, in sun dawo daga kasuwa. Darussan da gwamnati ta riƙa sawa a rediyo sun fi nawa isa gidaje nesa ba kusa ba. Tun daga nan na shafa wa kaina lafiya, na koma ga allina. Ko manhajar karatu ta Nigeria Learning Passport da ma'aikatar ilimi ta tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022, bitar kawai na halarta, na karɓi kuɗin mota na dawo.

To yau da safe, darasi na uku, SS2. Yara 78, waya ɗaya. Na yi zanena kamar kullum, sannan na ce benci-benci za a taso, mutum shida-shida, kowane rukuni minti biyu. Na riƙe wayar da hannuna, don ban yarda ta bar tafina ba, har yanzu ban gama biyan kuɗinta ba.

Hayaniya ta fara, ana ture-ture, har na soma da-na-sani. Amma duk rukunin da ya iso gaban tebur sai ya yi tsit. Gani ya kori ji. A hoton 1973 ruwa ne malala, a na 1987 ɓangaren arewa ya zama fili. Wannan ya yi daidai da abin da nake faɗa musu. Bidiyon ne ya kwance min zani a kasuwa.

Akwai wani yaro a bencin ƙarshe, dogo, shiru-shiru, wanda tun farkon zango ban taɓa jin ya ɗaga murya ba in ban da amsa kiran suna. Da aka zo kansu ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya ce, "Malam, ai ba ƙafewa yake ta yi ba. Ga shi nan yana tafiya yana dawowa." Na ƙura ido. Wallahi gaskiyarsa. Daga 1984 zuwa yau, wata shekarar ruwan ya ja baya, wata ya malalo ya cike wuraren da suka bushe, ga kore ya mamaye ko'ina. Jiya na kalli bidiyon nan sau uku, amma abin da na riga na haddace shi idona ya gani.

Sai ya ƙara da cewa su mutanen Baga ne, bayan harin watan Janairun 2015 suka taso, yana ɗan shekara bakwai. Ya ce har yanzu kawunsa yana aiko musu da banda, kuma ya gaya musu gonakin da suka noma wake a kai yanzu sai da kwalekwale. Ajin ya yi shiru. Shekara biyu yaron nan yana zaune a gabana, ina zana masa garinsu da alli, ban taɓa sani ba.

Na ajiye littafin darasi, muka koma yin lissafin abin tare. Tafkin ba shi da zurfi, faranti ne ba rijiya ba, don haka ruwa kaɗan in ya ƙaru ko ya ragu sai bakin gaɓa ya matsa da nisa. Kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan da koguna ke zuba masa daga kogin Chari da na Logone yake zuwa, wato damunar Afirka ta Tsakiya da kudancin Chadi da Kamaru ce ke yanke masa hukunci. Farin farkon shekarun 1970, wanda iyayenmu ba sa mantawa, shi ya raba shi gida biyu, na 1984 ya ƙarasa shi zuwa ƙasa da murabba'in kilomita 2,000. Ashe ɗan ƙwallon goribar da nake zanawa hoton wancan lokacin ne, ni kuma na daskarar da shi ina ce wa yara "yau". Wani ya tambaya ko mu a Kano muna da hannu. Na ce muna da shi mana: kogin Kano da na Challawa su ke haɗuwa su zama kogin Haɗeja, shi kuma ya haɗu da na Jama'are su zama Komadugu Yobe, har tafkin. Madatsar Tiga da aka gama a 1974 tana tare wani kaso, mu sha tumatir da shinkafar Kadawa, na ƙasa su ga ragi. Aka kaɗa ƙararrawa, ba wanda ya motsa, sai da malamin Turanci ya leƙo yana nuna min agogo.

Lokacin tara na wuce ofishin firinsifal. Na ce, "Ranka ya daɗe, makullin ɗakin kwamfuta nake nema." Ya sauke tabarau ya dube ni ya ce, "Malam, tsohuwar zumar ce ta motsa?" Sai da aka kira masinja aka zazzage durowa biyu kafin a same shi. Ƙura, yana, kashin ɓera, ƙadangare ya yi gida a bayan wata kwamfuta. Ban ko taɓa su ba, majigin nake so. Yana cikin jakarsa, ko ledar murfin ba a ɓare ba. Muka roƙi mai kula da janareton ofishin jarrabawa ya tayar mana na minti biyar, ya yi ta ƙunƙuni kan tsadar fetur, muka jona. Fanka ta yi ƙara, haske ya faɗa jikin bango. Ni da masinja muka tsaya muna kallon farin bango kamar yaran da aka kawo wa majigi ƙofar gidan hakimi.

A ɗakin malamai malamin lissafi ya ce zafin nema ne, mako biyu zan yi in huce, ya ga irinta a wurina. Ban musa ba, yana da hujja. Na dai tuna masa cewa tun 2015 JAMB ba ta da takarda, WAEC ma ta fara gwada kwamfuta da ɗalibai masu zana jarrabawa da ƙashin kansu a 2024, mu kuwa yaranmu sai a zauren jarrabawa wasunsu ke fara ɗora hannu a kan linzamin kwamfuta. Ya ce to sai in sayo fetur ɗin da albashina. Nan kam ban da amsa. Abin da na ƙudura dai, wannan karon ba zan rubuta wa kowa takarda ba, ba zan nemi kwamiti ba. Aji ɗaya, darasi ɗaya a mako.

Da na dawo gida uwargida ta ga ƙura har a hulata, ta ce, "Malam, rushe gini kuka yi?" Na ba ta labari, ta ce ita dai kar kuɗin cefane ya koma data.

Saura igiyar da za ta haɗa waya da majigin, 'yata ta ce ba kowace waya ke karɓa ba, sai mun je kasuwar waya ta Farm Centre ranar Asabar an gwada. Yaron Baga kuma ya tare ni a bakin get da aka tashi, ya ce ko za a iya matso da hoton har a ga unguwarsu. Na ce masa ya rubuto min sunanta gobe.